Ranar da Baffa Ya Zo Kallon Ƙwallo

Ni gola ne, kuma duk wanda ya taɓa tsaron raga a filin unguwa ya san rabin aikin da baki ake yin sa. Ƙwallo takan daɗe ba ta leƙo ka ba, kana tsaye cikin rana, to me za ka yi in ba surutu ba? Ni dai Allah Ya hore mini baki, ban kuwa yi rowarsa ba. Ɗan wasan gaba zai taho da ƙwallo a guje, in tambaye shi lafiyar gida, in ce na ji jiya an kore shi daga wurin mai shayi, kafin ya gama tunanin wanda ya gaya mini na riga na rungume ƙwallo.

Filinmu yana bayan ganuwa, in ka fito ta Ƙofar Gayan ka ɗan karkata. Ba ya ganin ciyawa sai da damina, ita ma awaki ke riga mu. A shekarun nan da nake magana, duk yammacin da aka ce akwai wasa, ana sallame la'asar za ka ga mutane suna gangarowa, masu gyaɗa da masu rake na biye da su. Kuma ba ƙwallo kaɗai ake zuwa kallo ba, har da abin da za a faɗa. Tsokana tana da iyakarta da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba: ba a taɓa uwar mutum, ba a taɓa halittar da Allah Ya yi masa. Ban da wannan, sana'arka da unguwarku da irin gudunka duk na kowa ne. Wanda aka ƙure ya rasa amsa sai a yi masa dariya a wuce. Wanda ya ɗaga hannu kuwa shi ne ya faɗi, ko da ƙungiyarsu ce ta ci.

Ɗan wasan gabanmu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana wadda muke kira Goggo. Aikin riga yake yi, ɗinkin hannu, a wani zaure cikin gari. Zai zauna tun safe da allura da zare yana bin zane a wuyan babbar riga, ba ka jin ko tarinsa. A fili kuma ƙafarsa ta hagu ba ta da kyau, golan da ya san shi tun daga nesa yake fara addu'a. Illarsa ɗaya ce: bai iya magana ba, kuma bai iya jin ta ba. In aka tsokane shi sai ya yi ta juya maganar a ransa yana neman amsa, amsar ba za ta zo ba sai bayan ya kwanta barci. Wata shekara a wani wasa, wani ɗalibin jami'a daga unguwar Kongo ya yini yana ce masa tela, yana haɗawa da Turanci. Taubashina ya nemi amsa ya rasa, ya ɗauke shi da mari, sai da masu gyaɗa a bakin ganuwa suka ji ƙarar. Aka ba shi jan kati, aka dakatar da shi, ya je har inda ɗalibin yake ya ba shi haƙuri. Mu dai mun ɗauka magana ta wuce.

Ashe tana nan tana jiransa. Ya ga wata yarinya 'yar Kufena a wurin wani biki, suka daidaita, aka kai gaisuwa. Mahaifinta ya rasu, auren yana hannun ƙanin mahaifin, wani manomi da kowa ke ce wa Baffa. Da suka yi binciken da akan yi, suka tarar da asali da sana'a da zuwa masallaci duk lafiya lau, sai marin nan. Saƙon da ya iso wa Goggo shi ne Baffa ya ce ya ji hannun yaron yana da kyau a kan riga, ya kuma ji yana da sauri a kan fuskar mutane, shi kuwa ba zai ba da marainiya ga mai saurin hannu ba. Bai ce a'a ba, bai ce to ba, ya ce sai ya gani da idonsa.

Yarinyar ce da kanta ta gaya wa taubashina a wurin zance inda za a ga ɗin. Muna da wasa da 'yan Kufena a filinmu, Baffa zai zo. Ɗan bayansu mai lamba huɗu kuma, wanda zai tsare taubashina, ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Da na ji haka na san akwai aiki. A duk 'yan ƙwallon ƙasar nan wannan lamba huɗun kaɗai nake wa kallon abokin sana'a. Rake yake sayarwa a baro. Ba ya ihu, ba ya zagi. Zai zo ya ba ka hannu da fara'a, ya tambayi mutanen gida, sannan ya fara yi maka ita a hankali kusa da kunne har ka manta da wace ƙafa kake bugu.

Na ce wa Goggo ta kwantar da hankalinta, aikin nan nawa ne. Ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, a wasan taubasai duk abin da na gaya masa ba shi da ikon fushi, don haka babu wanda ya fi ni dacewa da ba shi horo. Makonnin da suka rage na tare a zaurensu. Yana ɗinki ina gefensa ina yi masa. Na ce allurarsa ta fi shi cin ƙwallo. Na ce yarinyar tausayi ne ya sa ta kula shi. Na bi shi wurin mai shayi, na bi shi har bakin rijiya yana alwala. Darasin guda ne: ka ciji leɓe, ka yi ta salati a zuci, kada ka tanka, kada ka ko kalli mai maganar. Abokan aikinsa suka shigo ciki, ita ma Goggo in za ta miƙa masa tuwo sai ta ɗan sa nata. Da farko allura ce ke shan wahala, ya karya ba ɗaya ba. Daga baya ya iya. Za ka yi masa maganar da za ta tayar da liman daga kan buzu, shi ko gezau. Na duba aikina na yaba wa kaina.

Ranar wasa fili ya cika. Baffa ya iso a kan wani tsohon babur, gajeren dattijo mai furfura a gemu da hula a karkace. Ya ari kujerar roba wurin mai shayi, ya duba ko'ina, bai ga inda ya yi masa ba sai gindin darbejiyar da ke bayan ragata. Na je na durƙusa na gaishe shi, na koma na gyara tsayuwa irin ta mutanen kirki.

Ba a daɗe da busa usur ba na ji murya a bayana.

"Kai mai raga, safar hannun nan ta aro ce? Na ga ta fi ka girma."

Na waiwaya. Baffa ne, yana ɓare gyaɗa.

"Tawa ce, Baffa."

"To ka riƙa sa hannu a ciki."

Ashe gidan ne gaba ɗaya haka. Mutumin nan bai bar kowa ba. Ya yi wa alƙalin wasa, ya yi wa mai ɗaga tuta, ya yi wa 'yan Kufena nasa. Da suka zura mini ƙwallo ɗaya ta ƙasa, ya ce akuyar da ke kiwo can ta riga ni ganin tahowarta. Na ce, "Baffa, baƙi muke karramawa." Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, a ƙaro." Ban taɓa jin daɗin a ci ni ba sai ran nan.

A can gaba kuwa lamba huɗu ya buɗe shago. Filinmu ba shi da girma, yaran da ke bakin layi kuma suna kwaso kowace magana suna yaɗawa, don haka ba abin da ya wuce mu.

"Malam mai allura, sannu da fitowa. Wa ka bar wa zaren?"

Shiru.

"Wannan gudun naka, ko babbar riga ce a ƙarƙashin jesin?"

Shiru.

"Yaya, turaren da ka sa ka zo zance shekaranjiya, har yau kajinmu atishawa suke."

Fili ya kwashe da dariya. Taubashina bai ko juya ba. Ƙwallo ma ba ya taɓawa sosai, duk ƙarfinsa ya tafi wajen riƙe baki, amma ni ban damu da ci ba. Ina ta satar kallon Baffa in ga ko ya lura da irin tarbiyyar da ake yi a cikin birni.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Baffa ya yafito ni da hannu.

"Wancan ɗan'uwan naka kurma ne?"

"A'a, Baffa. Haƙuri ne da shi, tun yana yaro haka yake."

Ya dube ni irin kallon da ake wa mai tallan da ya faɗi ƙarya ƙarama.

"Wannan ba haƙuri ba ne, haɗiya ce. Dubi jijiyar wuyansa daga nan. Ina da shanun huɗa biyu a gida. Ɗaya in ka matsa masa sai ya yi ta huci yana kaɗa kai, a tashi aiki lafiya. Ɗayan ban taɓa jin ko numfashinsa ba, shi ne ya kwantar da ni bara." Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Mu gidanmu ba a cin tuwo shiru. Yaron nan da kake ji, a wurin yayarsa ya koya, bai ma kai rabinta ba. In don an ce masa mai allura wuyansa zai kumbura haka, ina zai kai ta? Ni ba dutse na zo nema mata ba."

Ban san lokacin da na bar wurin ba. Na tarar da taubashina zaune a ƙasa yana kurkure baki, fuskar nan a murtuke, yana jiran in yaba masa.

"Duk abin da na koya maka, zubar da shi," na ce.

"Kamar yaya?"

"Magana za ka yi. Ka rama."

"Kai fa ka ce in yi shiru."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ka yi magana. Baffa ba ya son shirun."

Ya dube ni kamar zai yi kuka. "In ce me?"

Lokaci ya ƙure, alƙali har ya sa usur a baki. Na ba shi ta kusa: ya ce wa yaron ya koma baronsa, yankan rake ya fi karɓarsa da tsaron baya. Na sa ya maimaita, muka koma fili.

An sauya raga, na koma ɗaya gefen. Ina gyara safa sai na ga Baffa tafe da kujerarsa a hannu. Ya ce bai gama da ni ba.

Bugun kwana na farko da muka samu, ana cunkushe a gaban ragarsu, taubashina ya juya ya fuskanci lamba huɗu. Muryarsa dama ba ta san raɗa ba. Ya gyara tsayuwa kamar mai isar da saƙon rasuwa.

"An ce in ce maka ka koma sayar da rake."

"Wa ya ce?"

"Gola."

Fili gaba ɗaya ya juyo ya dube ni. Mai bugun kwana ya kasa bugu, ya dafa gwiwa. Baffa ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Kai mai raga, ashe har aike kake bayarwa." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Amma wani abu ya faru. Taubashina ya ji mutane suna dariya, ya ga ba wanda ya mutu, sai na hango kafaɗunsa sun sauka. Ya fara karɓar ƙwallo yana juyawa yadda muka san shi. Can an fitar da ƙwallo ana jiran jifa, lamba huɗu yana gabansa ya ba shi baya, sai na ga ya tsaya yana ƙare wa rigar yaron kallo, kai a karkace, yadda yake yi in an kawo masa aikin wani ya duba.

"Tun ɗazu lambar nan ke damuna," ya ce. "Wa ya ɗinka maka?"

"Ni na ɗinka abata."

"Ai ya nuna. Da zaren buhu?" Ba wasa yake ba, har ransa abin ya dame shi, shi ya sa ta yi daɗi. "Ka kawo gobe in gyara maka. Ƙanin mata ba a karɓar masa komai."

Yaran bakin layi suka ɗauka, "Zaren buhu, zaren buhu." 'Yan Kufena ma suna yi. Lamba huɗu ya buɗe baki, karo na farko tun da na san shi, babu abin da ya fito. Na san wannan ciwon, duk mai baki ya san shi. Ka saba kai ke yi, ran da aka yi maka a gaban mutanenka sai ka ji kunnuwanka sun yi zafi.

Ƙwallo ta gaba da ta zo, taubashina ya tare ta da ƙirji, ya zura ta tsakanin ƙafafun yaron, ya zagaye shi ya nufi raga. Yaron ya biyo shi ya kwashe masa ƙafafu ta baya, irin kwashewar da ba ruwanta da ƙwallo. Taubashina ya tashi sama ya faɗo da gwiwa, ƙura ta turnuƙe.

 Ya miƙe a hankali, jini na bin ƙwaurinsa. Ya nufi yaron. Na bar raga na zuba a guje, ina gudu ina sane ba zan isa ba. Na ga hannunsa ya tashi, na ga ya cafki wuyan jesin yaron, na ce shi ke nan, aure ya tafi.

Sai ya juya shi, baya ya dawo gabansa. Ya lalubi bakin zaren da ke reto, ya ja. Lambar ta taho gaba ɗayanta a hannunsa. Ya ninke ta tsaf ya soke a cikin safarsa.

"In ka kawo rigar sai in mayar," ya ce.

Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan a filin ƙwallo ba. Shi kansa yaron, yana tsaye da baya babu lamba, ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska ya kasa. Alƙali ya ba shi jan kati saboda ketar da ya yi, ya karɓa yana dariya, ya ba taubashina hannu kafin ya fita. Sannan alƙalin ya juyo ya ɗaga wa taubashina katin gargaɗi. Da aka tambaye shi na mene ne, ya ce bai san sunan laifin ba, amma dai laifi ne.

Da yake a gaban raga aka yi ketar, aka ba mu fenareti. Taubashina ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya zo ya narka mata ƙafar hagun nan. Ta wuce saman raga, ta wuce darbejiya, ta tsallake ganuwa ta faɗa cikin gari. 'Yan Kufena suka yi ta ihu, wani yana cewa a aika wa mutanen cikin gari su yi hattara. Na koma ragata ina jiran ta Baffa, don na san wannan ba za ta wuce shi ba.

Bai ce komai ba. Ya daidaita hularsa, ya tattare gyaɗarsa ya sa a aljihu, ya mayar da idonsa wajen masu rake. Har aka tashi bai sake cewa uffan a kan taubashina ba, ko kallon inda yake bai yi ba. Aka tashi sun ci mu ɗaya da nema.

Taubashina ya cire takalma, ya tako yana ɗingishi, ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe shi. Baffa ya kawar da kai gefe.

"Lafiya, lafiya. A gaida gida."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya mayar wa mai shayi kujera, ya hau babur. Da zai wuce ni ya rage gudu ya ce in nemi wata sana'a tun da sauran ƙuruciya, ya ƙara gaba.

Muka shigo gari ana kiran magariba. Sai da muka kusa gida taubashina ya ce, "Wuyan rigar da na kama ne. Ya ga hannuna ya tashi." Na ce masa ba haka ba ne, amma ni ma abin da nake tunani ke nan. Mutumin da ya yini yana wasa da kowa, har da ni da bai taɓa gani ba, ya zo kan mutum ɗaya ya ɗaure fuska. Tausayin taubashina ya kama ni sosai, don na san yadda yake son yarinyar nan, kuma na ga iyakar ƙoƙarin da ya yi.

Bayan mun yi salla muka shiga wurin Goggo. Tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Ta dubi gwiwarsa, ta dubi fuskokinmu, ta ce in faɗa mata komai daga farko kada in tsallake. Na faɗa. Ta yi dariyar zaren buhu har da share hawaye. Da na zo kan fenareti da gaisuwa, sai ta dakata da mara a hannu.

"Da ya zubar da ƙwallon, bai tsokane shi ba?"

"Ko kalma, Goggo."

"Kai fa?"

"Ni har da zai tafi sai da ya yi mini."

"Da ya je gaishe shi, ya dube shi?"

"Kawar da kai ya yi."

Goggo ta ajiye mara a cikin tukunya, ta miƙe, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya. Mu dai muna tsaye muna kallonta.

"Ku dai har yanzu yara ne," ta ce. "Ina kuka taɓa ganin mutum yana wasa da surukinsa?"

Taubashina ya lalubi turmi ya zauna a kai. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Goggo ta ce in daina tsayuwa kamar soja, in kawo ruwan zafi a wanke wa ango gwiwa.